Kujerar Ɗakin Sanyi

Shekaru sun goge mini abubuwa da yawa daga kai, har sunayen wasu da muka ci abinci kwano ɗaya a Abuja sai na yi ta lalube kafin in kamo su. Amma abin da ya shiga tsakanina da abokina a kan wata kujera, a wani ƙaramin kamfanin intanet da ke Wuse, wannan kam in dai da hankalina ba zai taɓa fita daga raina ba.

Farkon mulkin farar hula ne. Soja sun koma bariki, Abuja ta cika ta batse, duk inda ka waiga gini ake yi, kowane ɗan kwangila da ɗan kasuwa so yake a ga adireshin imel a jikin katinsa ko da bai san me zai rubuta ba. A lokacin ta layin tarho ake shiga intanet. Kwamfutarka ta buga lambar kamfaninmu, ta yi ɗan kukan nan nata mai ban haushi, sai wani akwatin ƙarfe da ke ofishinmu ya amsa kiran ya tambaye ta suna da kalmar sirri. In sun yi daidai ya buɗe mata, in ba su yi ba ya katse layin. Mai Gadi muke kiran akwatin nan, kuma ni ne ubangidansa.

Duk wanda ya zo yin rajista, ni zan shigar da sunansa da kalmarsa cikin Mai Gadi da hannuna. Wasiƙun imel na mutane kuwa a wata babbar kwamfuta daban suke, can ma kowa da asusunsa da wata kalmar sirrin ta daban. Wato kowane kwastoma kalma biyu gare shi, ɗaya ta shiga, ɗaya ta buɗe wasiƙa. Wahala ce, amma wahalar ta yi mini rana. Alhazai masu manyan motoci sai sun russuna a teburina suna "Injiniya, abin nan fa ya ƙi." Ni kuwa in gyara zama, in danna nan in danna can, in ce a je a sake gwadawa. Kai, na ji daɗin zamanin nan.

Ogammu mutumin Filato ne, Kirista, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya ya kafa kamfanin. Mutum ne mai raha da saurin fushi, Hausarsa kuma irin ta Abuja ce wadda ba ruwanta da namiji ko mace, a bakinsa kowa "ta" ne. Shi ya ce mana da zarar kwastomomi sun ƙaru zai naɗa shugaban ɗakin na'urori. Ɗakin sanyi muke ce wa ɗakin, don shi kaɗai ke da na'urar sanyaya wuri, ga ƙofar gilashi, ga kujera mai juyi guda ɗaya tak. Wanda aka naɗa shi zai riƙe makulli, shi zai zauna a kujerar, ba mai taɓa waya ɗaya sai da izininsa. Ni a raina an gama magana. Wa ke nan in ba ni ba? Har na fara gwada yadda zan riƙa jijjiga makullin a yatsa.

Kwastomomi kuwa suka ƙaru, har abin ya fi ƙarfina. Cikin Mai Gadi ya kusa cika da sunaye. In na yi kuskuren harafi ɗaya, wani Alhaji ya wuni yana buga waya yana zazzaga mini. Na ce wa oga ina bukatar mataimaki, kuma ina da wanda zan kawo. Abokina ne tun muna makaranta a Zariya, ajinmu ɗaya, ya gama yana zaune a gida ba aikin yi. Ni na aika masa ya zo. Ni na tarbe shi a tasha, na raba masa ɗakina na Karmo, katifa ma tawa muka riƙa kwana a kai kafin ya sayi tasa. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai daga baya, da hannuna na kawo shi.

Mutum ne marar hayaniya. Ba ya musu, ba ya cika baki, in ka tsokane shi murmushi kawai zai yi. A motar da ke kai mu Wuse da safe, mu muna ta gardamar ƙwallo da siyasa, shi yana maƙale a lungu yana karanta takardun bayanin na'urori da ya buga a ofis. Bai daɗe ba wata rana ya tsaya a bayana yana kallon yadda nake shigar da sunaye, ya ce, "Mutumina, me ya sa Mai Gadi zai riƙa haddace sunan kowa? Ai duk mutanen nan suna da asusu a babbar kwamfuta. A koya masa ya riƙa tambayarta mana."

Na ce, "Ya tambaye ta da wane bakin?"

Ya ce akwai wata manhaja da ake kira Radiyus. In an ɗora ta a babbar kwamfuta, duk wanda ya kira, Mai Gadi zai miƙa mata sunan da kalmar, ita kuma ta duba asusun da ke cikin kwamfutar ta ce masa buɗe ko kar ka buɗe. Suna ɗaya, kalma ɗaya, wuri ɗaya. In sabon kwastoma ya zo, asusu guda za a buɗe masa, shi ke nan ya samu shiga ya samu wasiƙa.

Wallahi tun kafin ya rufe baki na san dabara ce mai kyau. Da ya kai maganar gaban oga, oga ya miƙe tsaye ya buga tebur ya ce, "Ka gani! Wannan yaro ta san aiki!" Shekarun da na yi ina shan zagin alhazai bai taɓa miƙewa tsaye saboda ni ba.

Daga ranar ƙyashi ya kama ni, kuma ni ba mutum ne mai iya ɓoye abu a ciki ba. Na laƙaba masa Farfesa. In ya shigo in ce a ba Farfesa hanya, in ya yi tari in ce Farfesa zai yi lacca. Na daina jiransa mu fita cin abinci. A mota in zauna gaba in bar shi baya. In mun koma Karmo in juya masa baya in kunna rediyo. Sakatariyarmu, wata 'yar kudancin Kaduna mai bakin tsiya, ta kalle ni wata rana ta ce, "Malam, kishi ne ke cin ka, je ka sha ruwa." Na ce kishin me, mutumin da ni na koya wa hanyar Wuse? Ofis duka aka kwashe da dariya, kuma ba da ni ake yi ba, ni ake yi wa.

Ta gilashi na riƙa leƙen aikin nasa. Ya ɗora manhajar a babbar kwamfuta. Ya sa wata kalmar sirri tsakanin na'urorin biyu don kowace ta san da 'yar'uwarta take magana. Ya nuna wa Mai Gadi adireshin da zai riƙa aika tambaya. Sannan ya buɗe asusun gwaji ya buga lambar daga kwamfutar sakatariya, muna tsaye a kansa har da oga. Layin ya yi kukansa, ya yi shiru, ya katse. An ƙi shi. Daɗin da na ji a lokacin, ko albishirin ƙarin albashi bai kai shi ba. Na ce, "Ayya, Farfesa, ko littafin ne shafi ya yage?"

Bai ko kalle ni ba. Ya koma ciki ya zauna yana karanta abin da manhajar ta rubuta, ashe ba a ba ta izinin leƙa wurin da kwamfutar ke ɓoye kalmomin sirrin mutane ba. Ya ba ta izinin, ya dawo ya sake bugawa. Wannan karon aka buɗe. Oga ya rungume shi, sakatariya ta yi guɗa irin tasu, ni kuma na ce "barka" haƙorana a haɗe.

Saura magana ɗaya. Tunda kalma ɗaya za a koma, wacce za a bari, ta shiga ko ta wasiƙa? Abokina ya ce a bar ta shiga, domin ita ce ke ajiye cikin kwamfutocin kwastomomi tun ranar da aka haɗa musu, in aka canza ta gari zai waye kowa a rufe. Zai ɗauki kalmar shiga ta kowa ya ɗora a kan asusunsa na babbar kwamfuta. A takarda ba abin da ya fi wannan hankali. Amma ina jin haka na hango matsala, domin ni ne na yi shekaru ina fama da mutanen nan ido da ido.

A wurin mutanenmu, kalmar shiga ba sirri ba ce. Kamar tsani take ko guga, in maƙwabci ya zo aro ba ka iya cewa a'a. Kuɗin wata ake biya, ko ka shiga ko ba ka shiga ba, to da wane idon za ka kalli ɗan'uwa ka hana shi abin da ba ya ƙarewa? Alhaji ya ba ƙaninsa, ƙanin ya ba surukinsa, surukin ya ba abokin kasuwancinsa. Akwai wata Hajiya 'yar Kano mai shagon leshi da atamfa a kasuwar Wuse, tana cikin kwastomominmu na farko, "ɗana" take kira na. Kalmarta kaf layinsu na kasuwa ba wanda bai haddace ta ba. Da na taɓa yi mata magana dariya ta yi ta ce, "Haba ɗana, ai sadaka ce." Kalmar wasiƙa kuwa ba mai tambayar wani, don kowa ya san wannan rashin kunya ne. Yanzu ga shi za a mayar da kalmar da duk layi ya sani ta zama makullin wasiƙun Hajiya.

A taron ma'aikata na tayar da maganar, kuma har gobe ina nan a kan bakana, gaskiya na faɗa. Sai dai yadda ta fito. Na jingina da kujera na harɗe ƙafa na ce, "Farfesa ya san na'ura, amma bai san mutane ba." Na zayyana komai, ina yi ina kallon oga ina murmushi. Na ga abokina ya ɗaga kai, goshinsa ya tattare kamar maganar ta fara shigarsa. Maimakon in tsaya nan, sai baki ya kwashe ni. Na ce, "Za ku gani. Wallahi za ku gani. Ba za a je ko'ina ba sai an karanta wasiƙun wani babba a garin nan. Ga Hajiyar leshi nan, da ita za a fara, a rubuta a ajiye."

Oga ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Kai tun da yaron nan ta zo, ka taɓa cewa ta yi abu mai kyau ko sau ɗaya? In ta kawo ruwa sai ka ce wuta ne." Fuskar abokina kuwa ta rufe. A karo na farko na ga ya ji haushi. Ya ce a taƙaice za a aika wa kowa sanarwa ta imel cewa kalmar shiga yanzu ita ke buɗe wasiƙa, wanda ya ba wani tasa ya canza. Oga ya ce shi ke nan an gama. Sanarwa da Turanci, dogon bayani, zuwa ga mutanen da rabinsu sai an karanta musu. Na buɗe baki zan ƙara, sakatariya ta ce, "Malam, ruwan nan fa har yanzu ba ka sha ba."

Wata Asabar da safe aka juya komai zuwa sabon tsari, kuma ya tafi sumul. Ba wanda aka rufe, ba wanda ya buga waya yana zagi. Rajistar da ke cin mini rabin wuni ta koma abin da sakatariya ma ke yi tana cin gyaɗa. Oga ya miƙa wa abokina makullin ɗakin sanyi, wai na riƙon ƙwarya kafin a tabbatar. Ni kuma teburina ya koma kusa da ƙofar shigowa. Alhazan da ke kira na Injiniya suka koma wuce ni suna tambayar "ina yaron nan mai ƙwaƙwalwa?" Ta gilashi nake hango shi a kan kujerar, bai ma iya juyi da ita ba, ya zauna a bakinta kamar baƙo. Wannan ma haushi yake ba ni.

Duk da haka Hajiya ta tsaya mini a rai, don mace ce da ta riƙe ni da mutunci, ko Sallah ba ta wucewa ba ta aiko mini da yadi ba. Wata rana da azahar na shiga kasuwa don in gaya mata da bakina ta canza kalmarta. Na tarar da shagon a rufe. Maƙwabciyarta, wadda ita ma leshi take sayarwa, ta ce Hajiya ta tafi Kano biki, sai ta kwana biyu. Ta tambaye ni ko da saƙo. Na ce a'a, gaisuwa ce kawai. Har ruwan leda ta ba ni na sha a ƙofar shagonta, 'yan layi suna ta "sannu Injiniya," sannan na kama hanya. Da na dawo ofis aiki ya sha kaina, maganar ta bi iska.

Ana gab da azumi abin ya fashe. Ina zaune na ji ana buga ƙofa kamar za a ɓalle ta, sai ga Hajiya, mayafi a kafaɗa, ido jajur. Ba sallama ba gaisuwa ta ce a kira mata mai kamfanin. Oga ya fito yana "Hajiya lafiya?" ta ce ina fa lafiya. Ashe ta daɗe tana rubutu da wata masaƙa a ƙasar waje a kan wani zanen leshi da ita ta zaɓa, ta ɓoye shi ko 'ya'yanta ba su gani ba, shi take so ya zama yayin Sallar bana. Ta dawo daga Kano ta tarar da shi rataye a shagon maƙwabciyarta, mata na layi a kansa. Da ta bincika, wakilin masaƙar ya ce ai daga akwatin wasiƙarta aka rubuto, wai 'yar'uwarta ce za ta karɓi kashin farko.

Daga baya muka gane yadda aka yi. Ƙanin maƙwabciyar shi ma kwastomanmu ne, kuma shi yana jin Turanci. Sanarwar da Hajiya ba ta ko buɗe ba, shi ya karanta tasa tsaf. Kalmar Hajiya kuwa dama tana bakinsa tun tuni.

Amma a ranar ba wanda ya san wannan. Abin da Hajiya ta sani shi ne 'yan layi sun ce sun ga Injiniya a ƙofar shagon matar yana shan ruwa. Ta juyo ta kalle ni, muryarta ta sauka ta ce, "Ɗana, har da kai?"

Na juya wurin oga don ya wanke ni, sai na ga wani irin kallo da bai taɓa yi mini ba. Ya ce, "Kai ka faɗi sunanta a mitin. Kai ka ce a rubuta a ajiye. Kai kuma aka gani a kasuwa." Ya matso kusa ya ce, "Don ka kayar da yaron nan, shi ne za ka kashe mini kamfani?" Na dubi sakatariya, ta sunkuyar da kai. Na dubi sauran, kowa ya sami abin kallo a bango. Ba wanda ya yi mamaki, wannan shi ya fi ƙona ni. Ni da ba a taɓa kayar da ni a magana ba, ranar sai "wallahi, wallahi" kawai nake yi. Oga ya miƙo hannu ya ce in ba shi katin aikina in fita.

Na fara laluben aljihu ke nan ƙofar gilashi ta buɗe. Abokina ya fito, ya wuce ni, ya je gaban Hajiya ya durƙusa har ƙasa. Ya ce, "Hajiya, ba shi ba ne. Ba ya bukatar gaya wa kowa komai. Ni na mayar da kalmarki ta shiga ta zama ta wasiƙa, ni kuma na aika wa duk kwastomomi sanarwa cewa haka abin ya koma. Duk wanda ya san kalmarki ya karanta sanarwar, ya san abin da zai yi." Ya juya wurin oga, yana durƙushe, ya ce, "Oga, ya gaya mana a gabanka. Na so in tsaya in duba, haushinsa ya hana ni. Laifin nawa ne." Ya ciro makullin daga aljihu ya ajiye a teburin sakatariya.

Hajiya ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Tashi, yaro. Wadda na ba amana ta ci, ita da Allah." Ta dube ni ta ce in yafe mata zargin, ta gyara mayafi ta fita. Amma kafin la'asar labari ya zaga kasuwa cewa a kamfaninmu ana karanta wasiƙun mutane. Waya ta riƙa ƙara ba ƙaƙƙautawa. Oga yana bukatar abin da zai gaya wa alhazai, abokina kuma ya sauƙaƙa masa, ya ce a ce an sallami wanda ya yi kuskuren. Oga ya yi ta jan magana, amma bai ce a'a ba. A ƙarshe ya turo mini makullin da ɗan yatsa, ko fuskata bai kalla ba, ya ce, "Ka gyara."

Gyara me? Ni da na ɓata lokacin ina tsokana, ban san ko ina manhajar take ajiye bayananta ba. Shi ɗin dai da aka sallama, shi ya zauna da ni a ƙarshen makon ya nuna mini komai dalla-dalla, inda ake gaya wa Mai Gadi wa zai tambaya, inda kalmar da ke tsakanin na'urorin take, abin da zan duba in an ƙi mutum. Tare muka raba wa kowa asusu biyu a babbar kwamfutar, ɗaya na shiga kawai wanda ba ya buɗe wasiƙa, a yi ta sadaka da shi in an ga dama, ɗaya kuma na wasiƙa da sabuwar kalma da sai mutum ya zo da kansa ya karɓa. Ina ta jira ya yi mini gori, ko ya yi tsaki, ko ya ɓoye wani abu don in neme shi daga baya. Ko ɗaya bai yi ba. Da ya yi, da na samu sauƙi.

Ya ce ba zai zauna a Abuja ba, zai koma gida ya ga abin da Allah zai yi. Ya naɗe katifarsa ya bar wa maƙwabcinmu. Na raka shi tasha ana yayyafi, na riƙe masa jaka. Sai da mota ta kusa cika ya leƙo ta taga ya ce, "Mutumina, gaskiya ka faɗa ranar nan fa."

Na ce, "Ai na sani."

Ya yi murmushin nan nasa ya ce, "Ɗaki ɗaya muke kwana. Da a can ka gaya mini, da na ji."

Mota ta tashi.

Washegari na buɗe ɗakin sanyi da makullina, na zauna a kujerar da na yi ta mafarki, na juya dama na juya hagu. Na ɗauka ƙyashin zai sake ni tunda ga ni ga abin da nake so. Ina! Sai ma ya ƙaru. Ina zaune ina tuna yadda ya durƙusa gaban Hajiya ba ko gezau, ina tambayar kaina ko da ni ne zan iya, kuma na san amsar. Mutumin nan ya fi ni iya hawa, ya zo kuma ya fi ni iya sauka. Alhazai suka dawo da kira na Injiniya, amma a ofis ba wanda ya sake kawo mini wata dabara sai ya fara duba fuskata. Na yi shekaru a kujerar nan, aikin da nake taƙama da shi kullum nasa ne.

Abin da na koya, kuma nake gaya wa duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashina, shi ne in mutane suka san kana ƙyashin wani, ka gama zubar da darajar maganarka a kansa. Ranar da za ka zo da gaskiya tsantsa ba mai saurarenka, in ta tabbata kuma kai za a fara tuhuma. Ni na fi kowa gaskiya a taron nan, amma ba ta ceci Hajiya ba, ba ta ceci abokina ba, ni ma sai da shi ya cece ni. In ka hango ramin da ɗan'uwanka zai faɗa, ja shi gefe ka gaya masa tun kuna ku biyu, kar ka jira sai an tara mutane.